Na'ura ba ta zuwa gaban alƙali

Tsofaffin Tasawa da Mayahi ba su manta da zamanin cinikin gyaɗa ba. Manomi ya kawo buhunsa, a ɗora bisa sikeli, mai awo ya faɗi abin da ya ga dama. Sikelin ba shi da laifi, amma wanda bai iya karatu ba, ba shi da bakin gardama. Bayan an kafa UNCC a 1962, manoma suka riƙa zaɓen masu awo da magatakarda daga cikinsu. Ido ya sa ma sikeli, cuta ta ragu.

To, yau ga wani sabon sikeli ya fito, amma shi mutum yake aunawa. Shi ne na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda aka koya ma yanke shawara. A manyan kamfanoni ita ke tace takardun masu neman aiki, ita ke ƙidaya aikin ma'aikaci, wani lokaci ma ita ke nuna wanda za a sallama.

Wani zai ce ina ruwan mutumin karkara? Akwai ruwansa. Da an gama girbin hatsi, samarin Kanambakashe da Maijirgi sai su tafi cin rani. Wanda ya kai Ikko ko Abuja ya kama tuƙin motar haya ta waya, irin su Bolt, ubangidansa yana cikin aljihunsa. Waya ke ba shi fasinja, waya ke yanke kuɗin. Ran da aka rufe lambarsa, babu ƙofar da zai yi sallama. A gida kuwa mata da yara na jiran aike.

Kuma na'ura tana son kai. A 2018 aka ji labarin kamfanin Amazon na Amurka ya watsar da wata na'urarsa ta ɗaukar ma'aikata, don tana ture mata. Da takardun maza aka koyar da ita, ta ɗauka namiji kaɗai ne ma'aikaci. Abin da babba ya yi, shi yaro ke kwaikwayo.

Shi ya sa ƙasashe suka tashi. A 2024 Tarayyar Turai ta kafa doka, ta sa na'urar ɗaukar ma'aikata da sallamarsu cikin abubuwa masu haɗari, ta ce dole mutum ya sa mata ido. Ta kuma hana a sa na'ura ta karanta fushin ma'aikaci ko murnarsa a wurin aiki. A Nijar akwai dokar aiki ta 2012, kuma a 2017 an yi dokar kare bayanan mutane, wadda ta haifi hukumar HAPDP. Harsashi ke nan, saura gini.

Ginin ba wuya gare shi ba. A faɗa ma ma'aikaci in na'ura ce ke auna shi. In an sallame shi, a ba shi dalili da harshen da yake ji, kuma a samu mutum mai suna wanda ya sa hannu, wanda sufeton aiki na Maraɗi zai iya kira ya tambaya. Gama na'ura ba ta rantsuwa, ba ta jin kunya, ba ta zuwa gaban alƙali.

Su kuma samari, kafin su dangwala yatsa bisa waya su ce sun yarda, su karanta, ko su nemi mai karanta musu. Rigakafi ya fi magani.