Kwamfutar da ke barci bayan an kawo wuta

Kowace na'ura tana isowa hannunmu ɗauke da hukunce-hukuncen da wani ya riga ya yanke a madadinmu. Ɗaya daga cikinsu shi ne barci: idan kwamfuta ta ga an jima ba a taɓa ta ba, sai ta dakatar da aiki, ta katse intanet, ta bar ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi kaɗai tana shan wuta kaɗan. A Maris na 2018, masu haɗa GNOME, fuskar da masu amfani da Linux da dama ke gani, suka fitar da sigar 3.28 wadda ke kwantar da kwamfuta bayan minti 20 ko da tana jone da wuta. Debian 10 ta gaji wannan ɗabi'a a 2019, Fedora 38 kuma ta zo da minti 15 a 2023. Dalilinsu mai kyau ne: cika ƙa'idojin tsimin makamashi irin na Tarayyar Turai.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Illela nake kula da wasu kwamfutocin tebur 'yan kwatano a wani shagon buga takardu, kuma Linux na ɗora musu domin ƙarfinsu bai kai ga sababbin Windows ba. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, 'yan kasuwar Ƙonni da na Sakkwato suna cika shagon, wani da rasit, wani da takardar yarjejeniya, kowa na sauri kafin mota ta tashi. Kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da firinta da ma'ajiyar takardun kowa. Da zarar ta yi barci, sauran sun zama marayu, alhali ita ba wanda ke zama gabanta balle ya motsa ta.

A nan ne lissafin Turai ke juyewa. Inda wuta ba ta yankewa, barci tsimi ne. Inda ake kawo ta sa'o'i ƙalilan, kowane mintin da na'ura ta kwana asara ce, domin cikin wannan ɗan taƙin ne za a sauke sabuntawa, a kwafe ajiya, a aika manyan takardu. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: kwamfutar tebur ba ta da batir. Abin da ke cikin ƙwaƙwalwar mai barci yana raye ne muddin akwai wuta a soket. Yaron shago ya ga allo baƙi da fanka shiru, ya ɗauka an kashe, ya kashe janareta. Duk abin da ba a adana ba ya tafi. Wasu tsofaffin injuna kuma sukan kwanta su ƙi farkawa sai an danne maɓalli da ƙarfi.

Gyaran matakai biyu ne. Na farko, a shiga Settings, sashen Power, a kashe Automatic Suspend. Wannan ya shafi wanda ya shiga da sunansa ne kawai. Allon shiga yana da nasa tsarin dabam, saboda haka injin da aka saita ya tashi da kansa idan wuta ta dawo zai iya tsayawa a bakin ƙofa ya sake kwanciya. Mataki na biyu shi ke toshe wannan kafa, da umarni guda:

sudo systemctl mask sleep.target suspend.target hibernate.target hybrid-sleep.target

Wannan yana hana systemd amsa kowace buƙatar barci, daga duk inda ta fito. In an so komawa yadda ake, sai a sa unmask a gurbin mask.

Ba kowace na'ura nake yi wa haka ba. Wadda ke kan batirin sola, kuma ba mai dogara da ita, ina barinta ta yi barcinta, domin a can tsimin na gaske ne. Ko wadda na hana barci, ina barin allonta ya mutu bayan 'yan mintuna, ina kuma kakkaɓe mata ƙura, musamman a zafin Afrilu, tunda injin da ba ya hutawa ya fi tara zafi. Idan aiki ya ƙare, a kashe ta gaba ɗaya. Wannan ya fi barci tsimi da aminci.

Mutanen iyaka sun san yadda hukuncin da aka yanke a nesa ke sauka a kansu. Sun gani a 2019, sun sake gani a Agustan 2023 da aka rufe hanyar Ƙonni. Waɗancan ba mu da ta cewa a cikinsu. Wannan kuwa, da yake manhajar a buɗe take, layi ɗaya ya isa mu mayar da hukuncin hannun wanda ya san lokacin da ake kawo wuta a unguwarsa.