Bindigar Da Ta Dace Da Hawan Dutse

Maharban ƙasar Jere, a Ƙaramar Hukumar Kagarko ta Jihar Kaduna, ba su cika gardama a kan kare ko laya ba kamar yadda suke yi a kan nauyin bindiga. Mai farautar fadama yana iya saɓa kowace iri. Amma wanda zai nufi gabas, wajen duwatsun Kwoi da na Kagoro, ya yini yana hawa yana gangara, shi ne ya san cewa bindigar da take kamar sanda da asuba, kafin azahar ta zama taɓarya.

Akwai wani dattijo a garin wanda ya gaji harba-ka-ruga daga mahaifinsa, doguwa ce, aikin maƙeri. Da gwiwa ta fara yi masa gardama, sai ɗansa, malamin makaranta, ya ƙudura zai saya masa mara nauyi. Ya ga hotunan maharban Amurka a cikin wayarsa, suna hawan duwatsun Roki don neman wata dabba mai ƙaho kamar rassan itace, wadda namijinta kan wuce kilo 300. Bindigoginsu ba su fi kilo uku da 'yan kai ba, harsashinsu kuwa irin su .30-06 na 1906 da .270 Winchester na 1925, masu kayar da dabba daga nisan yadi 300. Ya ce, "Baba, irin wannan ce ta dace da shekarunku."

Dattijon ya daɗe yana duban hoton, sa'an nan ya ce, "Abin da ka rage wa kafaɗa a hanya, ranar harbi za ta biya shi."

Maganar nan gaskiya ce, su ma Turawan sun san da ita. In ƙarfin albarushi ɗaya ne, iyakar rashin nauyin bindiga iyakar shurin da za ta yi wa mai ita. Mutumin da ya sha shuri sau biyu kuwa, a na uku zai runtse ido tun bai ja kunama ba, bakin bindiga ya kauce. Kuskure ma da sauƙi. Abin da maharbi ke gudu shi ne ya ji wa dabba rauni, ta shige kogo da jini, ta mutu can ta zama mushe, ba shi ba kowa.

To, amma babbar tambaya ita ce, me za a harba? Gwanki, wanda shi ne ya yi kusa da girman waccan dabba ta Amurka, ya daɗe da yin wuyar gani a wannan yanki. Abin da ya rage sai gada da mazo, da rema a kan duwatsu, da gyauji da zabin daji. Gada ba ta fi ɗan akuya ba, kuma a cikin ƙurmi ba a hango ta sai an zo yadi 30 ko 40, watau daidai inda bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma take aiki. Harsashin waccan kuwa yana tafiya fiye da mil guda, in ya bugi dutse ya karkata inda ya ga dama, alhali gindin duwatsun nan duk gonakin citta ne, da mata da yara a ciki.

Ga kuma hukuma. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Na soja, irin masu cin harsashin 7.62 da .303, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Mai baki ɗaya da mai baki biyu da sauran na farauta, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na ɗuri ta baki kuwa, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne mai ba da takardarsu. A 2023 rundunar 'yan sanda ta bayyana cewa ta dakatar da ba da sabon lasin.

Abin da ya fi damun dattijon ma ba takarda ba ne. Jere tana bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma tun kafin harin da aka kai wa jirgin ƙasa a watan Maris na 2022, mutanen yankin sun daina yi wa mai bindiga kallon maharbi kawai. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, maharba ne masu komawa Kano, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu. In harba-ka-ruga ta jawo haka, ina ga mai madubin hange a kanta? Ko a bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, inda maharba ke fitowa da kayansu, a gaban sarki da jama'a ake yi, kowa ya san kowa.

A ƙarshe ba a sayi kome ba. An kai tsohuwar wurin masassaƙi ya rage wa ƙotarta kauri, baduku ya ɗinka mata maratayi mai faɗi na fata. Gorar ruwa da burgami suka koma kafaɗar jikansa. Dattijon ya bar wa samari ƙwanƙolin dutse, shi kuwa yakan zauna a mashigin da gada ke bi zuwa ruwa, ya ɗora bakin bindiga a kan gwafa, ya jira.