Muryar da ke kiran yara gida

Mu ma'aikatan rediyo mun san muryarmu tana shiga inda mota ba ta shiga, inda soja ma sai ya yi shiri kafin ya leƙa. Ba inda aka ci moriyar wannan kamar Gulu, a arewacin Yuganda. Daga ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyar LRA ta Joseph Kony ta riƙa kwasar yaran ƙabilar Acholi, daga gona, daga hanyar makaranta, daga kan tabarmar barci. Dubun dubatar yara. Kwamandoji kan gaya musu cewa duk wanda ya gudu gida, soja zai harbe shi, ko danginsa su ƙi shi. Wannan tsoro ya riƙe su fiye da igiya.

Sai tashar Mega FM ta Gulu ta riƙa watsa wani shiri mai suna Dwog Paco, wato "dawo gida". Dabarar ba ta da wuya. Yaron da ya tsero zai zauna gaban makirufo, ya faɗi sunansa da harshen Acholi, ya kira abokansa na daji ɗaya bayan ɗaya, ya shaida musu yana raye, ya ga uwarsa, kuma dokar afuwa ta shekarar 2000 gaskiya ce. Wanda aka ce maka an kashe, sai ga muryarsa cikin akwati. Da yawa daga waɗanda suka fito sun ce wannan shirin ne ya ba su ƙarfin zuciyar gudu.

Fitowa daga daji dai somin taɓi ce. A al'adar Acholi, wanda ya daɗe a waje yakan taka ɗanyen ƙwai kafin ya shiga gida, alamar ya bar dauɗar can a can. Ba al'adarmu ba ce, amma na fahimci hikimarta: a gaban kowa ake yi, don maƙwabta su zama shaidu cewa an karɓe shi. Theresa Betancourt, wadda ta bi rayuwar tsoffin yaran yaƙin Saliyo tun 2002, ta tarar da abin da ya yi daidai da wannan. Yaran da iyali da unguwa suka karɓa, suka koma makaranta, sun fi samun sauƙin zuciya; waɗanda aka yi ta nunawa da baki kuwa, ciwonsu ya daɗe.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne binciken Christopher Blattman a arewacin Yuganda. Mun saba ɗaukar irin waɗannan yara kamar garwashi cikin toka, jira kawai ake su tashi gobara. Shi kuwa ya tarar samarin da aka taɓa sacewa sun fi takwarorinsu fita jefa ƙuri'a da shiga gaba a ayyukan gayya. Babbar asarar akasarinsu ita ce shekarun karatu da na koyon sana'a da suka wuce su. Ga kuma Evelyn Amony, da aka sace tana ƙaramar yarinya aka tilasta mata zama matar Kony: ta dawo da ƴaƴa, ta jagoranci ƙungiyar matan da suka sha irin wahalarta, ta ba da labarinta a littafi a 2015. Matan ma su suka fi shan wuya, don namiji kan ɓace cikin kasuwa, amma goyon da ke bayan mace ba ya ɓoyuwa.

Ba kowane labari ne ke ƙarewa haka ba. Dominic Ongwen an sace shi yana yaro a hanyar makaranta, ya girma ya zama kwamanda, a 2021 kotun duniya ta Hague ta same shi da laifuka 61, ta yanke masa shekara 25. Ban ga laifin hukuncin ba. Amma duk sanda na ga hotonsa cikin kwat, sai in tambayi kaina ina hukuma take ranar da aka tare shi a hanya.

Ba don sha'awar Yuganda kawai nake wannan karance-karance ba. Tun Disamban 2016 da gwamnatin Nijar ta buɗe ƙofar tuba ga mayaƙan Boko Haram, aka tanadi cibiyar Gudumariya a jihar Diffa, maganar ta zo gidanmu. Cikin masu fitowa akwai waɗanda aka ɗauka gemu bai tsiro musu ba. Ranar da na kawo batun cikin shirina, wata baiwar Allah ta bugo waya, muryarta ba ta ko rawa. Ta ce an kashe mijinta, tana zaune a bukkar gudun hijira, ba wanda ya koya mata ɗinki, amma ga waɗanda suka yi ɓarnar ana koya musu sana'a. Na bar ta ta gama, ban katse ta ba. Gaskiya ta faɗa, kuma duk shirin karɓar tubabbu da ya tsallake irinta, a ganina, bai tsaya da ƙafa biyu ba.

Na so in yi irin shirin Gulu da Hausa da Barbarci, na ma rubuta tsarinsa. Wuri ɗaya na cije. Ƙarfin Dwog Paco suna ne da murya: na daji ya gane abokinsa, ya yarda. A bakin tafkin Cadi kuwa, yaron da ya faɗi sunansa da na ƙauyensu a rediyo zai iya jawo wa iyayensa baƙin dare, don masu bindigar ba su yi nisa ba. In na sauya masa murya na ɓoye sunan, ya tsira, amma abokinsa na cikin tsibiri zai ce ƙaryar gwamnati ce. Shugaban tasharmu ya ce a jira. Takardar tana cikin aljihun teburina, yanzu wata na bakwai ke nan.