Tsakanin takardar umurni da tabarmar gida

Akwai wani irin rubutu da kowa ke amfani da shi, amma ba mai tambayar wanda ya yi shi. Shi ne ɗan bayanin da ke jikin ledar magani, da takardar da malamin gona ke riƙewa sa'ad da yake yi wa manoma bayanin taki, da littafin da ke koya wa ma'ajiyar ƙungiyar mata yadda ake cika rajistar kuɗi. Masu karatu sun san ni da aikin jarida, to amma shekaru ke nan rabin abincin gidana daga irin wannan rubutu yake fitowa. Ƴan boko suna ce masa rubutun fasaha. Ni kuwa rubutun umurni nake ce masa, domin ana yinsa ne don wani ya karanta ya aikata, abin da ya aikata kuma ya fito daidai. Yau ina so in yi magana a kan wannan sana'a da abin da take ci daga lokacin iyali, don na san ba ni kaɗai ke raba dare tsakanin aiki da ƴaƴa ba.

A lise an koya mana cewa gwanin alƙalami shi ne mai doguwar jimla, wanda zai ɗauko magana ya kewaya da ita shafi guda kafin ya sauke ta. Wannan sana'a ba ta san da haka ba. A nan kalmar da ba ta da aiki kaya ce, kalma mai fuska biyu kuwa haɗari ce. Mu ɗauki garin gishiri da sukari da ake ba yaro mai zawo. Takardar Faransanci tana cewa a zuba leda guda cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, magana ta ƙare. Amma uwar da ke ƙauye ba ta da ma'aunin lita a ɗakinta. In ruwan ya yi kaɗan gishiri zai yi yawa, maganin ya koma cuta. Aikin marubuci shi ne ya nemo abin da ke hannunta wanda ya kai lita, kamar ledar ruwan sha ta rabin lita guda 2, sa'an nan ya faɗa mata cewa abin da ya rage bayan awa 24 zubarwa ake yi, a haɗa sabo. Tun daga 2004 hukumomin OMS da UNICEF suka ƙara da cewa a haɗa wa yaron da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14. Wannan ma sai an rubuta shi yadda uwa ba za ta tsaya ran da zawon ya tsaya ba.

Haka abin yake a gona. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, tare da abokan aikinsu, sun nuna cewa giram 6 na takin NPK a kowane gurbin hatsi yana ƙara amfani ƙwarai, abin da ya kama kilo 60 a eka ta zamani mai gurbi 10.000. Sai dai manomi ba ya yawo da sikeli. Abin da ya isar da saƙon shi ne murfin kwalbar lemo, wanda cikinsa ya yi daidai da awon. A wurina, wanda ya fara tunanin murfin nan ya yi aikin da ya kai na mai binciken. Ko buhun adana wake na PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka da cibiyar INRAN suka soma yaɗawa a ƙasarmu a 2007, duk sirrinsa yana cikin bin matakai: wake ya bushe sarai, a duba ledoji biyu na ciki kada a sami huda, a matse iska ta fita, a ɗaure kowace leda ita kaɗai, sa'an nan a ɗaure buhun waje. Ƙwari suna mutuwa ne don iska ta ƙare musu. Wanda ya tsallake mataki guda zai buɗe buhu bayan wata biyar ya tarar da gari, kuma ba marubucin zai yi asara ba.

Ga kuma wahalar da ta shafi harshenmu shi kansa. Tun taron Bamako na 1966 aka daidaita yadda za a rubuta Hausa da boko, amma har yau yawancin kwamfutocin biro-biro ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a kan madanninsu. Mai buga takarda in ya gaji sai ya jefar da ƙugiya, alhali kuwa "ɗaure" da "daure" ba abu guda ba ne, haka "ƙara" da "kara". Bayan wannan, takarda guda za ta je Maraɗi, ta je Damagaram, ta je Tawa da Dogon Dutsi, kowa da bakinsa. Dole marubuci ya zaɓi kalmar da Bagobiri da Ba'adare za su ji ba tare da sun tsaya gardama ba. Har tiya, da muke cewa ta hatsi kimanin kilo 2 da rabi ce, ba ta zama daidai daga wata kasuwa zuwa wata. Shafi guda na irin wannan aiki yakan ci dare biyu.

Nan ne maganar iyali take shigowa, domin daren nan biyu daga wani wuri ake ɗebo su. Da rana ina aikin jarida. Rubutun umurni na masu porje ne, su kuwa kullum cikin gaggawa suke: takardar da ta yi wata uku a kan teburin wani, ran da ta iso hannunka sai a ce jibi ake son ta. Biya a kan shafi ake yi, kuma sai bayan an karɓi aiki. Wani lokaci a kira ateliye a Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, mutum ya yi mako guda yana gardama a kan kalma ɗaya. Ba zan raina wannan kuɗi ba. Da shi ake biyan lakwal, da shi ake cika buhun hatsi da kaka, da shi ake amsa kiran dangi na ƙauye ran da rumbu ya yi ƙasa. Duk ma'aikacin da ya san yadda albashi ke ƙarewa kafin ashirin ga wata ya san abin da nake nufi. To amma Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Lokacin da ake rubutun nan shi ne lokacin da yara ke gida, suna son a duba musu aikin lakwal, ko su ba ka labarin da ba shi da kai ba shi da gindi, wanda kuma ba za su sake ba ka shi gobe ba.

Abin mamaki shi ne gidan nan da sana'ar ke ci wa lokaci shi ne kuma makarantarta. Tsohuwata ba ta karatun boko. Duk takardar da na gama, ita nake fara karanta wa, in ce ta maimaita mini abin da za ta yi. In ta yi shiru a wani wuri, na san jimlar ba ta nuna ba. Wata damina ina aikin bayanin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara ƴan wata 3 zuwa wata 59, wanda aka soma a Nijar a 2013. Ana ba da shi wata-wata, kowane zagaye kwana 3 ne: ranar farko a gaban ma'aikacin lafiya, sauran biyun uwa ke bayarwa a gida. Na karanta wa maiɗakina, sai ta ce: "Malam, takardar ta faɗi ranar da za a ba shi, amma ba ta san ƙwayar tana da ɗaci ba. Wadda ɗanta ya tofar, me za ta yi?" Ba wani ateliye da ya taɓa kawo wannan tambaya, don waɗanda ke zaune a can ba su ne ke riƙe yaro yana kuka ba. Da na mayar da aikin, sai da aka koma wurin likitoci aka ƙara layi biyu.

Da na daɗe cikin aikin, sai na lura da abin da ke ƙarƙashinsa. Ana rubuta takardar umurni ne don mai ilimin ba zai kasance a wurin ba. Likita ba zai kwana a gidan kowa ba, malamin gona ba zai tsaya a kan kowane buhu ba, saboda haka takarda take tsayawa a madadinsu. Gwanintar marubucin ita ce ya sa a daina bukatarsa. Wannan tunani yana da daɗi a wurin aiki, amma in ya bi mutum gida ɓarna yake yi. Uba yakan ɗauka cewa in ya bar kuɗin cefane, ya tsara wa kowa abin da zai yi, ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp, to ya sauke nauyi. Ɗan kasuwar da ke tsakanin Maraɗi da Kano da Lome ya san wannan, haka ma'aikacin da aka tura Diffa ko Agadas iyalinsa suna Yamai. Kuɗi yana isa cikin minti kaɗan, umurni ma haka. Amma tarbiyya ba ta rubutuwa mataki-mataki. Yaro yana koyon yadda ake gaida manya, da yadda ake haƙuri da mai gardama, da yadda namiji ke magana da matarsa, ta wurin kallon wanda ke zaune kusa da shi. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka na kafa wa kaina ƴan dokoki, kuma da yake sana'ata ce, gajeru ne. Daga magariba har yara su kwanta, kwamfuta a rufe take, ko da kuran ya dawo a daidai wannan lokaci. Wanda ya kawo aiki, ni nake faɗa masa ranar da zai karɓa, ina ƙidaya dare biyu a kowane shafi mai awo ko magani a ciki. In ya ce ya yi nisa, sai mu rabu lafiya. Ba na karɓar tafiya a makon komawa lakwal. Kuma duk kuɗin da ya shigo ta wannan hanya, da maiɗakina muke zama mu raba shi, domin daren da aka saya da shi nata ne kamar yadda yake nawa. Waɗannan dokoki suna da tsada. Na ga ayyuka sun wuce ni sun tafi wurin waɗanda ke cewa "gobe da safe", kuma akwai watan da na ji rashinsu a aljihu. Ran da ɗiyata ta fari ta ce, "Baba, yau ni zan karanta maka," ta ɗauki takardar buhun wake ta karanta ta har ƙarshe ba tuntuɓe, na san wanda ya ci riba a cinikin.

Wannan magana za ta ƙara nauyi nan gaba. A watan Maris na 2025 sabon kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. In har za a cika wannan da gaske, takardun haraji da na duwan, da na likita da na kotu, duk sai an sami masu rubuta su da Hausar da ɗan kasuwa zai karanta ya aikata ba tare da ya nemi tafinta ba. Masu yin wannan aiki a yau kaɗan ne, kuma mafi yawansu da dare suke yinsa, bayan sun gama wani aikin. Ina kira ga ma'aikatu da masu porje su ɗauki rubutun umurni a matsayin sana'a mai cin gashin kanta: a horar da matasa, a ba su lokaci isasshe, a biya su yadda aikin rana zai riƙe gida. Takardar da aka rubuta cikin gyangyaɗi ita ce ke mance giram ko ta jefar da ƙugiya, kuma wanda zai bi ta uwa ce ko manomi da ba su da wanda za su tambaya.