Kilimanjaro, Dutse Mai Rawanin Ƙanƙara

A arewa maso gabashin ƙasar Tanzaniya, daf da iyakarta da Kenya, akwai wani dutse wanda duk faɗin Afirka babu mai tsayinsa. Sunansa Kilimanjaro, tsayinsa mita 5,895, wato ƙafa 19,341 ke nan. Abin mamaki shi ne, ga shi a ƙasa mai zafi, amma kansa naɗe yake da farar ƙanƙara rani da damina. A shekarar 1848 wani Bajamushe ɗan mishan mai suna Johannes Rebmann ya hango shi ya aika da labari Turai, sai wasu masana na Ingila suka ƙaryata shi, suka ce ina aka taɓa jin ƙanƙara a wannan yanki.

Asalinsa dutse ne mai aman wuta, yana da kawuna uku: Shira da Mawenzi da Kibo. Biyun farko wutarsu ta mutu tuntuni, amma Kibo, wanda ya fi su tsawo, masana sun ce barci kawai yake yi, domin har yanzu tururi mai warin farar wuta yana fita daga ramin da ke tsakiyarsa. Hans Meyer da Ludwig Purtscheller su ne aka rubuta sun fara taka ƙolinsa a 1889. Da Tanganyika ta sami mulkin kai a watan Disamba na 1961, wani hafsan soja, Alexander Nyirenda, ya kai tuta da wutar 'yanci can sama. Ƙolin da dā ake kira da sunan Sarkin Jamus yanzu sunansa Uhuru, ma'ana 'yanci a harshen Suwahili.

Gwamnati ta mai da dutsen gandu na ƙasa a 1973, aka buɗe shi ga baƙi a 1977, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1987. Baƙo yakan sauka a garin Moshi, ya ratsa gonakin ayaba da kofi na kabilar Chaga, ya isa ƙofar Marangu inda ofishin gandun yake. Doka ba ta yarda kowa ya hau ba sai da ja-gora mai lasisi, kuma an ƙayyade nauyin kayan ɗan dako kada ya wuce kilo 20.

Ta hanyar Marangu tafiyar kwana biyar ce ko shida, hawa da sauka. Ranar farko cikin kurmi ake yini, ga danshi, ga birai masu farar jela, har a kwana a masaukin Mandara. Kashegari itatuwa su ƙare, a shiga fili mai gajerun tsire-tsire zuwa Horombo. Daga nan sai hamadar tsakuwa da iska mai sanyi har masaukin Kibo, mai tsayin kimanin mita 4,700. Da tsakar dare ake tashi daga can da fitila a goshi, domin a riski fitowar rana a bakin ramin.

To, a nan ne fa ake gane ƙarfi ba shi ne dabara ba. Iskar da mutum ke shaƙa a ƙoli kusan rabin ta bakin teku ce, saboda haka ciwon kai da amai da jiri sukan kama har majiya ƙarfi, wani lokaci abin ya kai ga rasa rai. Shi ya sa ja-gorori ba su da magana sai "pole pole", wato sannu sannu. Sannu kuwa ba ta hana zuwa. Wanda ciwon ya tsananta masa ba shi da magani sai sauka nan take.

Sai dai rawanin nan yana warwarewa. Binciken da Lonnie Thompson da abokan aikinsa suka buga a 2009 ya nuna kimanin kashi 85 cikin 100 na ƙanƙarar da ke kan dutsen a 1912 ta ɓace kafin ƙarshen 2007. Dalili kuwa, dusar da ke zuba ta ragu, iska ta ƙara bushewa, duniya kuma tana ɗumama. Hukumar UNESCO ta yi gargaɗi a 2022 cewa da wuya sauran ya wuce shekarar 2050.

Manoman gindin dutsen kuwa, kurmin ne ya fi damunsu, domin shi ke tare hazo da ruwan sama ya shayar da ƙoramun da ke malala cikin Kogin Pangani. A watan Oktoba na 2020 gobara ta yi kwanaki tana cin gefen dutsen kafin a shawo kanta. Ƙanƙarar ta fi ƙarfin gwamnatin Tanzaniya ita kaɗai, amma tsare kurmin daga gatari da wuta yana hannunta da na jama'ar wurin. Mai niyyar zuwa ya nufi Janairu da Fabrairu, ko Yuni zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke, kuma kada ya yi ta ɗage tafiyar.