Man Aksul Na Baya

Mu da mu ke karatu a Wudil ba mu rasa ganin motoci, domin hanyar Kano zuwa Maiduguri ta nan ta ratsa, ta haye gadar kogi. Ran Jumma'a kuwa, in kasuwar kara ta ci, sai ka ga manyan motoci jere ana loda shanu za a kai Kudu. Mun lura direbobi ba su wasa da baƙin mai da ruwan lagireto, amma kaɗan ne su kan tuna da man aksul na baya, alhali nan ne ƙarfin inji ke sauka ga taya.

In ka leƙa ƙarƙashin lori, ko Peugeot 504 irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, za ka ga wani ƙarfe kamar tulu a tsakiyar aksul. Cikinsa haƙoran ƙarfe ne masu cizon juna, su ke karɓar juyi daga farfela su raba wa tayoyin baya. Ga kwana amfaninsu ya ke bayyana, don tafiyar tayar waje ta fi ta ciki tsawo, sai haƙoran nan su bar kowace ta yi gudun da ya dace da ita. In mai ya ƙare, ƙarfe ya gogi ƙarfe, zafi ya taso, haƙora su cinye juna.

Dubawar kuwa ba wuya. A tsai da mota inda babu gangare, a kwance notin da ke gefen tulun, a sa yatsa. In man ya kawo bakin ramin, to, ya isa. Man giya a ke zubawa, mai kauri, lamba 90 ko 140, yadda littafin motar ya ce. In za a sake shi, a bari mota ta yi tafiya ya yi ɗumi, sa'an nan a fara kwance notin sama tukuna, kada a tsiyaye tsohon, na sama ya ƙi kwantuwa, a rasa ƙofar zuba sabo. In man ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, abin da kan faru da damina in an ratsa kududdufi. In an ga ɓarɓashin ƙarfe, ko aka ji kuka daga baya yana ƙaruwa da gudu, lalle ciwo ya soma nisa.

To, ku duba. Mai lita kaɗan ne, amma rashinsa na iya tsai da lori tsakiyar daji, shanu talatin cikin rana ba ruwa ba ciyawa, wasu su kwanta, dukiyar da makiyayi ya yi shekaru yana tarawa ta tafi a wuƙa da araha. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa in mun fita aiki mu zama masu duba abin da ido bai kai gare shi sai an durƙusa, amin.