Wasan Gabatarwa da Dattijon da Ya Ƙi Yin Ƙarya

A wani taron ƙara wa juna sani da na jagoranta a Kaduna, na buɗe zama da wasan da aka koya mana a kwas: kowa ya faɗi abu uku game da kansa, biyu gaskiya, ɗaya ƙarya, sauran jama'a su gano ƙaryar. Da layi ya zo kan wani dattijo, tsohon shugaban makaranta, sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ɗana, a shekaruna ba zan buɗe taro da ƙarya ba." Ɗakin ya yi tsit. Wasan da na kawo don a saki jiki shi ya ƙara ɗaure mutane.

Sai lokacin shan shayi abin da na kasa ya faru ba da hannuna ba. Wani Bafulatani ya ji cewa dattijon Babarbare ne, nan take ya ce masa, "Ashe bawana ne, zo ka riƙe mini kofi." Dattijon ya fashe da dariya, ya rama. Kafin a koma zama, Kanawa da Zazzagawa ma sun fara tsokanar juna.

Na daɗe ina tunanin dalili. Wasannin da muke arowa daga Turai da Amurka sun ginu ne a kan cewa mutum zai buɗe cikinsa ga baƙo, ya ba da labarin kansa. Tarbiyyarmu kuwa ta kunya ce da kawaici; babba ba ya tallata kansa a gaban yara. Barkwanci bai nemi kowa ya tona sirrinsa ba. Izinin wasan tun kakanni aka bayar, kuma an san ba a fushi. Darajarsa ta kai har UNESCO ta sanya barkwancin Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014.

Amma shi ma yana da iyaka. A ranar akwai wata Bayarabiya da wani Ba'ibo da suka zauna suna kallo, ba su san ƙa'idar ba, kalmar "bawa" ma ta tayar musu da hankali. Wasan da ya haɗa wasu ya bar wasu a waje.

Washegari na sauya dabara. Na ce kowa ya faɗi sunan da ake kiransa a gida da dalilinsa. Aka sami Tanko, wanda ya biyo bayan 'yan mata. Aka sami Talatu, da Azumi, da Auta. Da wata ta ce ita Gambo ce domin tagwaye ta bi, sai Bayarabiyar nan ta miƙe ta ce sunanta Idowu, kuma ma'anar ke nan a wurinsu. Suka rungumi juna, ɗaki ya ɗauki tafi. Dattijon ma ya faɗi nasa, har da labarin kakar da ta raɗa masa.

Tun daga lokacin, kafin in zaɓi wasan buɗe taro nakan tambayi kaina: shin mafi girma a ɗakin zai iya shiga ba tare da zubar da girmansa ba, kuma mafi baƙunta zai gane abin da ake yi? Idan amsar ɗaya ta zama a'a, nakan nemi wani.